Mai jarkokin fetur a shingen soja: wace kotu ce za ta saurare shi?

Fayil ɗin da za a bi diddiginsa a nan ba na wani mutum mai suna ba ne. Siffa ce ta irin shari'o'in da ke fitowa daga gabashin Sakkwato, an haɗa su wuri ɗaya don a ga daidai inda suke karyewa.

Da la'asar, sojoji a shingen bincike kan hanyar Sabon Birni zuwa Isa suka tare wani magidanci bisa babur. Yana ɗauke da jarka huɗu na fetur, buhun biredi da kwalin maganin ciwon jiki. A wayarsa akwai lambobi biyu da jami'ai suka ce na yaran wani ƙasurgumin ɗan bindiga ne. 'Yan sa-kai na yankin suka ce sun daɗe da sanin infoma ne. Shi kuwa cewa ya yi ƙauyensu aka ɗora wa haraji, dattawan gari suka aike shi, in kayan ba su isa daji ba a ƙone musu rumbuna. Bayan kwana uku da kama shi aka kai hari wani ƙauye na kusa, aka kashe mutane. Daga nan maganar ta bar hannun masu bincike ta koma majalisun hira da shirye-shiryen rediyo: a miƙa irin waɗannan ga kotun soja, a yanke hukunci cikin mako guda, a huta.

Masu wannan kira ba mahaukata ba ne, kuma duk lauyan da ya raina su bai san yankin ba. Mutanen da suka ga abin da ya faru a kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, da matafiyan da aka ƙone cikin mota a watan Disambar shekarar, da yadda Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, ya rasu a hannun masu garkuwa a Agustan 2024, suna da dalilin gajiya da kalmar "an ɗage zama". Hujjojinsu uku ne masu nauyi. Alƙalin farar hula yana da gida da iyali a gari, ana iya yi masa barazana. Shaida daga ƙauye ba zai tsaya a buɗaɗɗen zaure ya nuna mutum da yatsa ba, alhali da dare zai koma inda babu ɗan sanda ko ɗaya. Sannan wanda aka saki bisa beli yakan riga wanda ya kai rahotonsa isa gida.

Abin da doka ta ce a yau

Kotun soja a Najeriya ba baƙuwa ba ce, tana nan a cikin Dokar Rundunonin Soja. Iri biyu ce: babba mai shugaba da mambobi aƙalla huɗu, da ta musamman mai shugaba da mambobi aƙalla biyu, kowacce da lauyan da ke ba ta shawara kan doka amma ba ya jefa ƙuri'ar hukunci. Hafsa mai iko ne ke kafa ta, shi ke zaɓen mambobinta, kuma hukuncinta ba ya tabbata sai hukumar soja ta sama ta amince da shi. Daga nan ana iya zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, kamar yadda sashe na 240 na kundin tsarin mulki ya tanada. Ikonta ya tsaya ne kan wanda ke ƙarƙashin dokar aikin soja, wato sojan kansa, sai wasu fararen hula ƙalilan da ke rakiyar runduna a fagen daga. Mai babur ɗinmu ba ya cikinsu. Ko da shi ne ya harba bindiga, ɗaukar makami a kan ƙasa ba ya mayar da mutum sojan Najeriya.

Laifin da ake zarginsa da shi kuwa yana da gidansa. Tun da Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda a Nuwamban 2021, ta kuma yi wa Lakurawa haka a Janairun 2025, kai musu fetur da abinci da sani ya shiga ƙarƙashin dokar hana ta'addanci ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 2011 da gyaranta na 2013. Hukuncin ba da irin wannan tallafi yana farawa daga shekara 20. Babbar Kotun Tarayya ce dokar ta ba ikon sauraren waɗannan shari'o'i, kuma tana da reshe a cikin garin Sakkwato. Ofishin Antoni Janar na tarayya ne ke da alhakin gurfanarwa.

To me zai hana Majalisar Tarayya ta yi sabuwar doka ta ce a kai su bariki? Sashe na 36 na kundin tsarin mulki ne. Ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi yana da haƙƙin a saurare shi a kotun da aka kafa ta yadda za ta kasance mai cin gashin kai marar son zuciya, a ɗauke shi marar laifi har sai an tabbatar, a gaya masa tuhumar da harshen da yake ji, a ba shi lokacin shiri, lauyan da ya zaɓa, damar yi wa shaidu tambayoyi, da tafinta kyauta. Mutane da yawa suna zaton dokar ta-ɓaci tana share wannan duka. Ba ta yi. Sashe na 45 ya lissafa abin da za a iya taɓawa a lokacin ta-ɓaci: 'yancin walwala na sashe na 35, da haƙƙin rai na sashe na 33 a kan mutuwar da ta faru sakamakon yaƙi kawai. Bai buɗe ƙofa ga sashe na 36 ba, bai buɗe ga haramcin azabtarwa na sashe na 34 ba, ya kuma faɗa ƙarara cewa ba a hukunta mutum da dokar da aka yi bayan ya aikata abin. Sashe na 217 da ya halatta wa soja shiga murƙushe tawaye ya kira aikin taimaka wa hukumomin farar hula, bai ce maye gurbinsu ba.

Saura hanya ɗaya, gyaran kundin kansa. Taɓa babi na huɗu, wato babin haƙƙoƙin ɗan Adam, yana buƙatar kashi huɗu cikin biyar na kowace majalisa, wato sanatoci 88 cikin 109 da wakilai 288 cikin 360, tare da amincewar majalisun jihohi 24. Ko an samu wannan, akwai Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam da Najeriya ta mayar dokar gida tun 1983, kuma hukumar da ke fassara ta ta faɗa a ƙa'idojinta na 2003 cewa kotun soja ba ta da hurumi kan farar hula a kowane hali. Masu cewa "ai yaƙi ake yi" su ma ba su tsira ba, domin sashe na 3 na bai-ɗaya a yarjejeniyoyin Janeba na 1949, wanda ya shafi yaƙin cikin gida, ya hana yanke hukunci sai ta kotun da aka kafa bisa ƙa'ida.

An taɓa gwadawa

Wannan tsauri bai faɗo daga sama ba. Dikirin (dokar mulkin soja) fashi da makami na 1970 ya kafa kotunan musamman da harbi a bainar jama'a, fashi kuma bai ƙare ba. Dikiri na 20 na 1984 ya koma baya ya kama laifin da aka yi kafin a rubuta shi, aka harbe mutum uku a Legas a Afrilun 1985 kan safarar ƙwaya. Dikirin tarzoma na 1987 shi aka yi amfani da shi a shari'ar Zangon Kataf, shi ne kuma ya kai Ken Saro-Wiwa da mutum takwas ga rataya ranar 10 ga Nuwamba 1995, babu ɗaukaka ƙara, har aka dakatar da Najeriya daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. A shekarar ce kotun soja ta musamman ta ɗaure Obasanjo da Shehu Musa 'Yar'adua kan zargin juyin mulki, ta haɗa da 'yan jarida fararen hula. Shehu bai fito da rai ba, ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disambar 1997. Kowace daga cikin waɗannan kotuna an kafa ta ne da sunan mugayen da kowa ya yarda mugaye ne, sannan ta faɗaɗa. Shi ya sa a 1999, gab da miƙa mulki, aka rushe su aka mayar da aikinsu ga manyan kotuna.

Ko a kan sojan da aka yi ta dominsa, kotun soja takan yi nauyin hannu idan rai ya ɓaci. A 2014 an yanke wa sojoji 12 hukuncin kisa a Satumba, wasu 54 a Disamba, kan bore a fagen yaƙin Boko Haram, alhali kukan da yawansu rashin makamai ne. A Disambar 2015 rundunar da kanta ta mayar da hukuncin mutum 66 ɗaurin shekara goma. Da an riga an harbe su, babu abin da za a sassauta.

Inda fayil ɗin ke mutuwa

Mu koma shinge. Abin da ya faru a sa'o'i 48 na farko shi ke yanke makomar shari'ar, tun kafin a san wane alƙali za ta je wa.

Jarkokin nan huɗu su ne hujja ta zahiri. Ya kamata a lissafa su a takarda nan take, a rubuta rana da lokaci da wuri da sunan sojan da ya karɓa, a ɗauki hoto, wanda aka kama ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. A aikace fetur ɗin yakan shiga tankin motar sintiri, biredin ya lalace, babur ɗin ya ɓace cikin tarin babura a bariki. Ranar shari'a lauyan gwamnati zai ce an kama shi da jarka huɗu, lauyan kariya zai ce ina suke, shi ke nan.

Wayar ta fi komai daraja, ita ce kuma aka fi wulaƙantawa. Jami'i ya buɗe ta, ya kira lambobin don ya ji wa zai ɗauka, wani ya saka ta caji ya yi amfani da ita. Daidai shi ne a kashe ta, a rufe a ambulan mai hatimi, a rubuta kowane hannu da ta bi, ƙwararre ya kwafe abin da ke ciki, a nemi bayanan kira daga kamfanin sadarwa tun ba su tsufa ba. Dokar Shaida ta 2011 a sashe na 84 tana neman takardar tabbaci ga duk hujjar da ta fito daga na'ura. In babu ita, lambobin nan biyu ba su da amfani a gaban kotu, ko da kuwa da gaske na mutanen daji ne.

Sai sojan da ya yi kamun. Shi ne shaidan farko. Kafin fayil ya isa Abuja ya dawo, an sauya masa wurin aiki zuwa Borno ko Filato, ko ya rasu a bakin daga, kuma ba a ɗauki bayaninsa a rubuce ba. 'Yan sa-kai da suka ce "kowa ya san shi" ba za su zo ba, in sun zo ma abin da suke da shi ji-ta-ji-ta ne. A nan dole a faɗi abin da mutanen yankin suka sani sarai: kalmar infoma ta zama makami. Rikicin gona, bashi, neman aure, tsohuwar gaba tsakanin manomi da makiyayi, duk ana biyan su da ita.

Idan waɗannan suka zube, abu ɗaya ke saura a fayil, takardar amsa laifi. An rubuta ta da Turanci, mutumin da Sakkwatanci ko Fulatanci ya yi magana, babu sunan tafinta, babu lauya, babu bidiyo. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tanadi a naɗi irin wannan bayani a bidiyo ko a ɗauke shi gaban lauya. Sashe na 29 na Dokar Shaida ya ce iƙirarin da aka samu da matsi ba a karɓarsa, kuma gwamnati ce za ta tabbatar ba a matsa ba. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta mayar da dukan kansa laifi. Da zarar mutumin ya ɗaga riga ya nuna tabo, sai a buɗe ƙaramar shari'a cikin babba, wata uku ko shida su tafi a kan takarda ɗaya.

Tsarewar ma tana da ƙa'ida. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu, kodayake ya sassauta wannan ga laifin da hukuncinsa kisa ne. Dokar ta'addanci ta ba jami'ai hanya mai sauƙi: su je Babbar Kotun Tarayya su nemi izinin tsarewa na kwana 60, ana iya sabuntawa. Sau da yawa ba a zuwa neman. Mutum ya shekara biyu a bariki babu takardar kotu ko ɗaya, sannan a ce kotu ce ke jan ƙafa. An bar jaki ana dukan taiki.

Yanzu a ɗora wannan fayil a gaban hafsoshi biyar. Jarkokin ba su dawo ba, wayar ba ta gyaru ba, shaidan yana Borno. Abu biyu ne kawai zai iya faruwa: ko su sake shi kamar yadda alƙali zai yi, ko su ɗaure shi da hujjar da alƙali zai ƙi. Saurin da ake yaba wa kotun soja da shi daga na biyun yake fitowa.

Wawa, Gwantanamo da Fakistan

Najeriya ta riga ta gwada hanya ta tsakiya. A Oktoban 2017 alƙalan Babbar Kotun Tarayya suka tafi barikin Wawa kusa da Kainji a jihar Neja, inda ake tsare da mutum 1,669 da ake zargi da alaƙa da Boko Haram. Alƙalai fararen hula, katangar soja. A zaman farko an ɗaure 45, an sallami 468 saboda babu abin da za a tuhume su da shi. A Fabrairun 2018 an ɗaure 205, an sake sallamar ɗaruruwa. Tsarin ya warware matsalar tsaron alƙali, amma ya sha suka mai tushe: zaman farko a asirce aka yi, wasu shari'o'in mintoci kaɗan suka ɗauka, lauyoyin agaji sun ga waɗanda suke karewa a ƙurarren lokaci, mafi yawan hukuncin kuma a kan amsa laifi ya tsaya. Lambar 468 ɗin nan ita ce ya kamata mai neman kotun soja ya tsaya a kai. Da yawansu sun shekara da shekaru a tsare.

Amurka, da kuɗinta da ƙwararrunta, ta bi ɗaya hanyar. Shugaba Bush ya kafa kotunan soja da umarni ranar 13 ga Nuwamba 2001, aka buɗe kurkukun Gwantanamo a Janairun 2002, mutum kusan 780 suka ratsa shi. A 2006 Kotun Ƙolin ƙasar ta rushe tsarin a shari'ar Hamdan, majalisa ta sake gina shi a 2006 da 2009. Khalid Sheikh Mohammed, wanda ake zargi da kitsa harin 11 ga Satumba, an kama shi a Maris 2003, aka shafe fiye da shekara ashirin ba a fara sauraren ainihin shari'arsa ba, babban dalili kuwa shi ne azabar da aka gana masa ta gurɓata hujjojin. A gefe guda, Umar Faruk Abdulmutallab, ɗan Najeriya, an kama shi ranar 25 ga Disamba 2009, kotun farar hula a Ditiroit ta yi masa ɗaurin rai da rai a Fabrairun 2012. Fakistan kuwa ta yi abin da ake nema a nan daidai: bayan kisan ɗalibai a makarantar soja ta Feshawar a Disambar 2014 ta gyara kundinta a Janairun 2015, ta ba kotunan soja ikon shari'ar fararen hula na shekara biyu, ta ƙara biyu, da alkawarin gyara kotunan farar hula kafin wa'adin ya cika. Wa'adin ya ƙare a 2019, gyaran bai zo ba.

Ta fuskar addini

A Sakkwato muhawarar ba ta tsayawa a kundin tsarin mulki, sai an tambayi malamai. Masu neman tsauri suna kawo ayar hiraba ta Suratul Ma'ida, kuma gaskiya ne hukuncin mai tare hanya da ta'addanci a bayan ƙasa yana cikin mafi tsanani a shari'a. Sai dai ayar tana magana ne a kan wanda laifinsa ya tabbata. Hanyar tabbatarwa kuwa fiƙihu bai yi wasa da ita ba: hujja tana kan mai da'awa, ana tunkuɗe haddi da shubuha, kuma mashahurin zance a mazhabar Malikiyya shi ne iƙirarin wanda aka tilasta ba abin dogaro ba ne. Wasiƙar Sayyidina Umar ga Abu Musal Ash'ari ta umarci alƙali ya daidaita masu husuma a fuskarsa da mazauninsa. Akwai kuma hadisin da ya hana alƙali hukunci yana cikin fushi. A duba wannan da kyau. Hafsan da ya binne yaransa shida makon jiya, a ce ya zauna ya auna maganar mutumin da ake cewa shi ya kai wa makasan fetur, an ɗora masa abin da ya fi ƙarfin ɗan Adam. Wannan ba zargi ba ne ga amanarsa. Shi ɗaya ne daga cikin masu husumar.

Mai babur ɗin kuma ya kawo tambayar da ta fi kowacce wuya, wadda dokar ta'addanci ba ta amsa ta da kyau ba. Ƙauyen da hukuma ta kasa karewa, ya biya haraji don a bar shi ya yi noma, wanda aka aika da kayan mai taimakon ta'addanci ne ko wanda aka zalunta? Akwai mai kai fetur don riba, yana sayar da jarka ninki uku, akwai mai kaiwa don 'yarsa tana hannunsu. Raba waɗannan biyun yana buƙatar a saurari dattawan garin, a duba bayanan kira na watanni, a bi sawun kuɗi. Aiki ne na haƙuri. Kuma in an lura, waɗanda ke faɗawa hannu a shinge irin su ne, masu biredi da fetur. Manyan daji ba sa bin shinge.

Abin da za a iya yi da dokar da ke hannu

Damuwa ukun nan na farko duk suna da magani ba tare da an taɓa kundi ba. Sashe na 232 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya ba kotu damar rufe zama a shari'ar ta'addanci, ɓoye sunan shaida, sa shi bayan labule ko sauraren sa ta bidiyo, akwai kuma dokar kare shaidu ta 2022. Alƙalan tarayya suna iya zama a wuri mai tsaro a Sakkwato, inda hedikwatar runduna ta 8 take, a riƙa juya su daga wasu jihohi, maimakon a kwashi mutane zuwa Neja inda danginsu da shaidunsu ba za su iya zuwa ba. Beli a laifin ta'addanci dama ba abu ne mai sauƙin samu ba in mai gabatar da ƙara ya zo da shirinsa.

Mafi arha kuma mafi tasiri shi ne a shinge: ɗan sanda mai bincike tare da kowace rundunar sintiri, takardar kamu shafi ɗaya da ake cikewa nan take, ambulan mai hatimi don waya, bayanin sojan da ya yi kamu a bidiyo kafin ya bar yankin, miƙa wanda aka kama ga 'yan sanda ko jami'an tsaron farin kaya cikin kwana biyu, da lauyoyin gwamnati masu jin Hausa da Fulatanci zaune a Sakkwato da ikon shigar da ƙara ba sai fayil ya kwana a Abuja ba.

Da an yi wa fayil ɗin mai babur haka, bayanan kiransa za su nuna ɗaya daga cikin biyu. Ko kira ne na yau da kullum tsawon watanni, wasu gab da kowane hari, wanda ya isa ɗaurin shekara 20 ko da bai amsa komai ba. Ko kuwa kira biyu ne rak a mako guda, daidai da lokacin da dattawan garinsu suka ce an ɗora musu harajin.